Layi Uku na Mai Saƙar Safa

Nassarawa GRA, Kano
6 ga Maris, 2012

Zuwa ga 'yata Hafsatu,

Yau shekara talatin da huɗu cif ke nan da ranar da aka dawo mini da takarduna ba a karanta ba. Na san ba haka ake fara wasiƙa ba, bari in gyara. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya. Ni da sauƙi, sai dai gwiwa, da kunnen nan da ya ƙara nauyi, don haka kada ki wahalar da kanki da waya. Mahaifiyarki Tani ta zo daga Kawaji ranar Juma'a, ita ta ba ni adireshinki na Malesiya, ta ce harhaɗa magunguna kike karanta. Allah ya jiƙan mahaifinki Lawan, da ma ya ga wannan rana. Ni da shi kakanmu ɗaya, amma zumuncin ya yi sanyi tun kina goye. Laifina ne, ba na shiga mutane.

Na dawo daga Ingila a 1976 da digirin lissafi, lokacin da kuɗin man fetur ya haukata gari. Abokan karatuna kowa ya ajiye alli ya kama kwangilar siminti, ni na kama koyarwa a sakandare. Gidan nan da nake zaune a ɗakunan bayansa ma na ɗaya daga cikinsu ne, marigayi Alhaji Ahmadu, wanda ni nake yi wa aikin gida a aji. 'Ya'yansa suna Abuja. Ni da Garba maigadi muka rage, muna jiran mangwaro ya nuna. Yanzu ma an ce mai ya sake tsada, ga sababbin motoci sun cika titi, ban ga wanda ya sayi littafi ba.

Mahaifina maɗinkin manyan riguna ne a Gawuna. Idan zai yi adon dagi a riga, sai ya zana allo mai gidaje-gidaje, ya dube shi sau ɗaya ya ce zare ɗaya zai zagaye shi duka ya dawo inda ya fara, ko kuma sai an sa biyu. Idan allon cikakke ne, masana sun daɗe da sanin amsar. Amma idan aka huda shi, aka bar wasu gidaje babu komai, ban ga wanda ya san ƙa'idar ba. Ni na samo ta, na rubuta hujjarta a shafi goma sha ɗaya, na aika wa wata mujalla a Turai. Kafin in rufe ambulan na sa siririn zare tsakanin shafi na shida da na bakwai. Bayan wata goma sha ɗaya takardun suka dawo da ɗan rubutu layi biyu na ban haƙuri, zarena yana nan inda na sa shi. Sun ga adireshin makarantar sakandare a Kano, sun rufe.

Na ji a rediyo cewa yanzu akwai zaure a intanet inda masu lissafi na duniya suke taruwa, kowa ya kawo abin da ya samo. Ga kwafin takardun nan, na juya miki su da Turanci mai tsabta. Ki kai mini su can. Amma kafin ki ajiye su, ki faɗi ko ni wane ne, da malaman da na yi karatu a wurinsu, na jera miki sunayensu a baya, da shekarun da na yi ina wannan aiki ni kaɗai, da abin da mujallar nan ta yi mini. Ba a shiga gaban malamai da karatu ba tare da an faɗi wurin wa aka ɗauko shi ba.

Baffanki,
Jibrin

Malesiya
30 ga Maris, 2012

Zuwa ga Baffa,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Na ji daɗin ganin rubutunka ƙwarai, sai da na nuna wa ƙawayena, sun ce kamar na injin buga littafi. Allah ya ƙara sauƙin gwiwar. Ni lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya a nan.

Na tambaya a makaranta, an nuna mini zauren da ya fi dacewa, na ɗora takardun ranar Litinin. Ni ban fahimci lissafin ba, Baffa, amma na yi gabatarwar kamar yadda ka ce, har na ƙara da cewa kai babban malami ne wanda ƙasarsa ba ta san darajarsa ba.

To ban san yadda zan faɗa ba. Kafin in dawo daga aji mutum tara sun yi magana. A zauren ana jefa wa rubutu ƙuri'a, ta yabo ko ta kushe, namu ya samu ta kushe bakwai. Wani ya ce da ya ga «shekara talatin da huɗu ni kaɗai» da «mujalla ta ƙi ni» sai ya daina karantawa, wai duk mako suna samun irin wannan daga mutanen da suke ganin duniya ta haɗe musu kai. Wani ya tambaya a wace jami'a kake, me ka taɓa bugawa. Sai ɗaya daga masu kula da zauren ya tsawata masa, ya ce a nan ba a tambayar mutum asalinsa, hujja ake dubawa. Amma ni ma ya ce in cire tarihinka da sunayen malamanka, in bar ƙa'idar da hujjarta kawai.

Ban cire ba tukuna, ina jiran izininka.

'Yarka,
Hafsatu

Nassarawa GRA, Kano
22 ga Afrilu, 2012

Hafsatu,

Ina amsa gaisuwarki. Mangwaro ya nuna, jemagu sun riga mu. Zafi ya yi yawa, gwiwa dai ta gode masa.

Na karanta wasiƙarki sau huɗu, har yanzu kaina bai ɗauka ba. Kin ce a zauren ba a tambayar asalin mutum. To shi wanda ya daina karantawa, me ya duba ya daina? Ba asalina ba? A 1978 an ƙi ni saboda ba a san ni ba. Yanzu an ƙi ni saboda na faɗi ko ni wane ne. Wanne ake so? Kuma mene ne ƙuri'a a lissafi? Idan mutum dubu suka jefa ƙuri'a cewa biyu da biyu biyar ne, sai ya zama biyar?

Na karanta wa Garba, don ba ni da wanda zan karanta wa. Ya ajiye butarsa ya ce, «Malam, su mutanen nan na cikin waya, ba su da mai unguwa ne?» Na ce akwai, shi ne ma ya ce a cire sunan malamaina. Ya ce, «To ai shi ke nan, garin ya lalace tun daga sama.» Na yi dariya, amma abin bai sake ni ba. Malaman nan sun mutu duka. Ni kaɗai na rage mai ambaton su, yanzu kuma wani wanda ban san fuskarsa ba ya ce in ajiye su a bakin ƙofa kamar takalmi.

Su waɗannan tara, su wane ne? Tsofaffi ne ko yara? Suna da digiri? Ki rubuto mini sunan kowanne da inda ya yi karatu, in san da wa nake magana.

Ki cire gabatarwar tun da sun nace. In ga kuma da me za su fake.

Baffanki

Malesiya
15 ga Mayu, 2012

Baffa,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Malam Garba. Mun gama jarrabawa, alhamdu lillahi. Na kira wayarsa sau biyu don in ji muryarka, ya ce ka ce duk mai magana ya rubuto.

Na cire gabatarwar. Sunayen da ka tambaya ba zan iya samo su ba, yawancinsu da laƙabi suke shiga, wasu sun rubuta aikinsu, wasu ba su rubuta ba. Akwai farfesa guda biyu a cikin masu kushewar. Bayan na cire, uku sun janye ƙuri'arsu, ɗaya har ya ba da haƙuri, amma ya ce ba fanninsa ba ne. Sauran sun wuce wasu tambayoyin. A nan magana ba ta kwana biyu, Baffa, mu kuma wasiƙarmu mako uku take yi a hanya, duk lokacin da na koma da amsarka sai in tarar an tashi.

Mutum ɗaya ce ta tsaya. Wata dattijuwa ce, laƙabinta ma'anarsa «tsohuwar allura». Ta ce ba ta yi jami'a ba, aikin tantance wasiƙu ta yi a gidan waya har ta yi ritaya, yanzu saƙar safa take yi wa jikokinta, a ƙasarsu sanyi wata tara yake yi. Ta ce ta karanta shafi goma sha ɗayan duka, ta ji daɗinsu. Tana da 'yar tambaya a kan shafi na bakwai, wajen ramuka biyu da suka taɓa juna ta kusurwa. Ta ce ko za ka sake duba wurin idan ka samu sarari.

'Yarka,
Hafsatu

Nassarawa GRA, Kano
7 ga Yuni, 2012

Hafsatu,

Lafiya lau. Ruwa ya sauka, ɗakina yana yoyo ta gabas.

Wato abin da ya rage mini ke nan. Farfesoshi sun wuce ba su waiwayo ba, an bar ni da mai saƙar safa. Ni da na zauna gaban mutanen da aka sa sunayensu a littattafai, yau ma'aikaciyar gidan waya ce za ta ce in sake duba shafi na bakwai idan na samu sarari. Shekara talatin da huɗu ina duba shi. Na san inda kowane ɗigo yake. Ko dai da gangan suka turo ta don su yi dariya? Ban gane tsarin wurin nan ba. Wanda ya sani ya yi shiru, wanda bai sani ba ya buɗe baki, kuma a ce wai wannan ne ladabi.

Na yi kuskure da na kai kaina kasuwa. Ki cire takarduna daga zauren nan, duka, kada ki bar ko harafi ɗaya. Ba shawara nake ba ki ba. Idan kika bar su bayan wannan wasiƙa ta same ki, to ki sani kin saɓa wa uba, kuma ba zan sake rubuto miki ba.

Jibrin

Malesiya
9 ga Yuni, 2012

Baffa,

Ina gaishe ka. Ban jira amsar wasiƙata ta Mayu ba, domin abin da na rubuta a cikinta yana damuna. Ban faɗa maka gaskiya duka ba. Na ji nauyin in ce wa wanda ya girmi mahaifina akwai gyara a aikinsa, sai na ce «'yar tambaya». Ka yafe mini.

Ba tambaya ta yi ba. Zane ta kawo. Allo ne mai gida biyar a tsaye, shida a kwance, da ramuka biyu da suka haɗu ta kusurwa. Ta ce ƙa'idarka ta ce zare ɗaya zai isa, amma ita ta saƙa shi da hannunta, biyu ya ci. Na kwafo maka zanen a bayan takardar nan, na ƙirga gidajen sau uku.

Kuma ba ta tsaya nan ba. Ta ce ƙa'idar ba ta mutu ba, sharaɗi ɗaya ne ya ɓace, idan aka ƙara shi komai zai tsaya. Ta rubuta gyaran da hannu, layi uku, ta ɗauki hotonsa ta ɗora a ƙarƙashin takardunka. Ɗaya daga farfesoshin nan ya dawo ya ce gyaran ya yi masa kama da daidai, kuma idan haka ne abin ya cancanci bugawa. Ita kuma ta ce aikin naka ne, ita rami kawai ta toshe.

Ban kwafo gyaran ba tukuna. Na ga kamar ya yi yawa in haɗa maka kuskure da gyaran baƙuwa a ambulan ɗaya. Ka fara duba zanen. Idan ka ce in aiko, sai in aiko.

'Yarka,
Hafsatu

Malesiya
30 ga Yuni, 2012

Baffa,

Ina gaishe ka, Allah ya huci zuciyarka. Wasiƙarka ta 7 ga wata ta same ni ranar Laraba. Na riƙe ta kwana uku, ina tunanin ko za ka sake magana bayan ka ga zanen. Na kira Malam Garba, ya ce ka ce maganarka tana cikin takarda, ba ka da ƙari. Na ɗauka ke nan ka gani, kuma ba ka sauya ba.

Na goge ɗazu. Komai ya tafi tare, takardun da maganganun da ke ƙarƙashinsu. Ban yi wa matar sallama ba, ban san me zan ce mata ba.

Don Allah kada ka daina rubuto mini.

Hafsatu

Nassarawa GRA, Kano
22 ga Yuli, 2012

Hafsatu,

Barka da shan ruwa. Azumin bana da sauƙi, ana samun hadari. Na gode da kika yi abin da na ce, Allah ya yi miki albarka. Zan ci gaba da rubuto miki.

Amma wane zane? Kin ce «bayan ka ga zanen». Na zazzage duk ambulan ɗinki, har na ɗaga su a rana, ban ga zane ba. Wasiƙunki uku ne a wurina, ta Maris, ta Mayu, da wannan ta ƙarshen Yuni. Ko kin yi niyyar sakawa kika manta? Ko zanena kike nufi, na shafi na uku? Wannan ai ni na zana shi. Na tambayi Garba ko kin faɗa masa wani abu a waya, ya ce kin ce a tambaye ni ko na ga saƙo, shi kuma ya ɗauka wasiƙar Mayu kike nufi, ni ma haka na ɗauka.

Tsufa ne ko mene ne, kwanakin nan ina ji kamar kowa yana magana a ɗakin da ba na ciki.

Baffanki

Nassarawa GRA, Kano
9 ga Agusta, 2012

'Yata Hafsatu,

Ina gaishe ki. Ki bar maganar lafiya, ki karanta wannan da sauri. Zan ba da ita ga wani ɗan kasuwa mai tafiya wajenku ranar Asabar don kada ta yi mako uku.

Wasiƙarki ta 9 ga Yuni ta zo shekaranjiya. Gidan maƙwabta aka jefa ta, su kuma sun yi tafiya, mai yi musu shara ne ya tsince ta a bayan ƙofa, ruwa ya taɓa gefenta amma zanen yana nan.

Da farko na yi tsaki. Na ɗauki fensir na bi layin, na ga biyu, na ce hannuna ne ya kauce. Jiya da hantsi na sa Garba ya samo katako da ƙusoshi, muka kafa allon a ƙarƙashin mangwaro kamar yadda mahaifina yake yi idan riga ta manya ce. Na ɗaura zare ja, na ce ya bi, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Yana bi yana mita, wai da azumi a bakinsa na mai da shi tela. Can ya tsaya ya ce, «Malam, ga shi na dawo gida.» Na ce ci gaba. Ya ce, «In ci gaba ina? Nan na fara. Ga waɗancan ƙusoshin can ko gaisawa ba mu yi da su ba.» Na ce ya yi kuskure, na karɓa na yi da kaina. Sau uku. Sai da muka sa baƙin zare na biyu allon ya cika.

Garba ya dube ni ya ce, «To ita matar nan, a wace makarantar ta yi?» Na ce ba ta yi ba. Ya ce, «Kamar babanka mai riguna ke nan.» Na tattara zaren na shiga ɗaki.

Na buɗe shafi na bakwai. Kuskuren yana layi na goma sha huɗu. Na ɗauka ramuka biyu ko dai su rabu ko su manne gefe da gefe, ban taɓa kawo haɗuwar kusurwa ba, domin a ɗinki ba a yin ta, tana yaga yadi. Shekara talatin da huɗu ina wuce wurin kamar mai wuce ƙofar gidansu. Abin da ya ƙara rikita ni shi ne zaren nan da na sa a 1977. Daidai bakin shafin yake. Da sun buɗe, da sun gani, ko da ba su gani ba? Ban sani ba. Ban ma san yanzu ko fushin da na riƙe na daidai ne ba. Ba su karanta ba, wannan gaskiya ne. Amma abin da ba su karanta ba ɗin ma ba daidai yake ba.

Ki mayar da takardun. Ki kwafo mini layi ukun nan harafi da harafi, ko ba ki gane ba ki zana su kamar hoto. Ki gaya wa matar cewa Jibrin ɗan maɗinki yana gaishe ta, ya gwada allonta da ƙusa da zare, ita ce da gaskiya. Ki tambaye ta sunanta na yanka, za a sa shi kusa da nawa.

Baffanki

Malesiya
1 ga Satumba, 2012

Baffa,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Wasiƙarka ta zo da wuri, na fara nema tun ranar, na jinkirta amsa ne ina sa ran samun abin faɗa mai daɗi.

Na rubuta wa masu kula da zauren. Sun ce abin da mai shi ya goge suna ajiye shi kwana talatin, bayan haka ya tafi har abada. Namu ya cika kwana talatin ranar 30 ga Yuli. Ban san da wannan doka ba, da na sani da na kwafa.

Na sake ɗora takardun, ba gabatarwa, na rubuta a sama cewa marubucin ya amince akwai kuskure a shafi na bakwai, yana neman wadda ta gyara. Wannan karon ba wanda ya kushe, har an yaba. Amma ita ba ta zo ba. Shafinta ya nuna rabonta da shiga tun 2 ga Yuli. Abu na ƙarshe da ta rubuta tambaya ce ga masu kula: ina aikin mutumin nan na zare ya tafi, ko ta ɓata masa rai ne? Na roƙe su adireshinta, sun ce ba sa bayar da na kowa, sun dai tura mata saƙona, ba amsa. Farfesan ya ce ya tuna gyaran gajere ne kuma ya burge shi, amma bai ajiye ba, yana duba irinsu da yawa.

Na matsa wa kaina in tuna. Hoton takarda ce mai layi-layi, rubutun shuɗi, akwai ƙwallon ulu a gefe. Ina jin akwai maganar ƙirga kusurwoyi, da wani abu a raba biyu. Iyakar abin da ya zauna mini ke nan. Na kalle shi ya fi sau goma, Baffa, amma kallon wanda bai iya karatun ba.

Da na haɗa maka su a ambulan ɗaya. Da na faɗa maka tun Mayu.

'Yarka,
Hafsatu

Nassarawa GRA, Kano
24 ga Satumba, 2012

'Yata,

Ina gaishe ki. Lafiya ƙalau, an gyara yoyon. Tani ta zo jiya da dambu, na ce mata kina ƙoƙari.

Kada ki ɗora wa kanki. An koya miki kada ki gyara wa babba magana a fuskarsa, kin yi abin da aka koya miki. Ni na tambayi inda mutane suka yi karatu kafin in tambayi me suka ce, ni kuma na ce a goge.

Mako shida ke nan ina kan kusurwoyin. Na ƙirga su, na raba biyu, na raba abin da ya rage. Sharaɗi huɗu na gwada, kowanne Garba ya rushe shi da ƙusa kafin azahar, yanzu har ya fara jin daɗin abin. Kaina ba ya riƙe layi mai tsawo kamar da, ina kaiwa tsakiya sai farkon ya zube. Wataƙila wani a zauren ya samo, wataƙila ita ta dawo idan sanyinsu ya shigo. Ki riƙa leƙawa ranar Juma'a, kada ya hana ki karatu.

Har yanzu ban gane wurin nan ba, ko mutanen kirki ne ko ba su ba ne. Abin da na sani shi ne, a shekara talatin da huɗu mutum ɗaya ce ta karanta shafi goma sha ɗayan nan har ƙarshe. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba, kuma ta tafi tana zaton ta yi mini laifi. Ta rubuta mini layi uku, ban taɓa ganin su ba, kuma babu su.

Baffanki,
Jibrin